Dodon Da Ba Ya Ɗaga Kafaɗa

Akwai wani matashi a Kaura Namoda mai suna Mahmud, gyaran waya ne sana'arsa. Kansa yana ja, wannan ba gardama. Matsalar dai shi ma ya san da haka.

Shekara biyu ya yi yana haɗa gem, wato wasan waya, da wata tsohuwar kwamfuta. A gem ɗin za ka shiga ramukan ƙarƙashin ƙasa ɗaki bayan ɗaki, kana gani da idon mayaƙin, ba abin da ke gabanka sai hannu da takobi. Dodanni su tare ka, ku yi gaba da gaba. In aka kashe ka, komai ya tafi, sai ka faro daga farko, ɗakunan ma sun sauya.

Sai wata ƙungiya a Kaduna ta sanar da gasa. Wanda gem ɗinsa ya yi fice za a ɗauke shi horo na shekara guda. Sharaɗin shi ne kada mutum ya wuce shekara ashirin da biyar, Mahmud kuwa yana cikin ta ƙarshe. In wannan ta kuɓuce, babu wata.

Ana saura mako guda a rufe, kawunsa Armiya'u ya zo daga Shinkafi gyaran waya. Mahauci ne, tsohon ɗan dambe. Mahmud ya miƙa masa gem ɗin, don a yaba masa.

Kawu ya shiga ɗakin farko, aka kashe shi. Ya sake, aka sake. Sau shida.

Ya ajiye wayar ya ce, "Mahmud, wanga dodo naka ba shi da gaskiya. A hwagen dambe, kahin mutum ya kai ma naushi sai ka ga kahwaɗatai ta motsa. Nan za ka kauce. Shi wanga ban ga ya ɗaga komi ba, sai dai in gan ni kwance."

Mahmud ya yi dariya. "Kawu, wanga ba dambe ba ne, ilimi ne. Duba ka gani."

Ya karɓa, ya ratsa ɗaki goma ko ƙwarzane babu. To ina abin mamaki? Shi ya rubuta cewa dodon zai kai sara duk bayan daƙiƙa uku, a zuci yake ƙirgawa. Wanda bai rubuta ba, ta ina zai sani?

Kawu ya ce, "Kai ka san shi. Baƙo hwa?"

"Wanda bai iya ba ya koya. Hannunka ya saba da wuƙar fawa, Kawu, bar mini wanga."

Maganar ta yi wa dattijon zafi. Ya ɗauki wayarsa ya tafi, Mahmud kuma ya tura wa ƙungiyar gem ɗin yadda yake.

Bayan wata guda amsa ta zo. Sun yaba zanen, sun yaba yadda ɗakin ke sauyawa duk sanda aka faro daga farko. Sai suka ce alƙalai uku sun gwada, ba wanda ya wuce ɗakin farko, domin sara yana zuwa ba tare da wata alama ba. Ba su ga sauran aikin ba, don haka ba su iya auna shi ba.

Ɗaki arba'in ya gina, ɗaya aka gani. Ya zauna a shago, baƙin ciki ya hana shi ko taɓa abinci.

Washegari ya buɗe kwamfutar, ya sa dodon ya riƙa jan kafaɗa baya kafin ya kai sara. Aikin bai ci awa biyu ba.

Da Kawu Armiya'u ya sake zuwa Kaura, Mahmud ya miƙa masa wayar, kansa a sunkuye. Dattijon ya kauce wa saran farko, ya rama, ya wuce ɗaki huɗu yana murmushi.

Ya ce, "To, yanzu ya yi, ɗana. Yaushe za ka aika musu?"

Mahmud ya ce, "Sun ruhe, Kawu. Baɗi kuma shekaruna sun wuce."

Darasi: In wanda ka yi abu dominsa ya ce bai gane ba, saurare shi, ko da kana ganin ka fi shi ilimi. Gyaran da girman kai ya hana ka yi a kan lokaci, ko ka yi shi daga baya ba lallai ya amfane ka ba. Ku tura wa duk wanda kuka san ba ya jin gyara.