Dashen Lemo a Bayan Ƙofa

Akwai wani mutum mai lambu wanda yake da itacen lemo guda ɗaya a tsakar gidansa. Kakansa ne ya dasa shi, kuma duk ƙasar ba a san lemo mai zaƙinsa ba. Mutumin yana da 'ya ɗaya tak, matarsa kuwa maginiyar tukwane ce.

Da yarinyar ta girma, aka shirya za ta tafi wani babban birni mai nisa ta koyi aikin jinya. Tun kafin lokacin ya yi, uban ya ɗauki ƙwayar lemon nan ya shuka a wata ƙaramar tukunya da uwar ta gina da hannunta. Ta tsiro, ta yi ganye. Kowace safiya yakan ta da yarinyar ya ce, "Tashi ki ba lemonki ruwa." Takan tashi tana ƙunƙuni, ta zuba, ta koma ta kwanta.

Ranar tafiya ya ɗora mata tukunyar a hannu ya ce, "'Yata, in kin isa, ki nemi ƙasa ki dasa shi. Kada ki bari ya daɗe a ciki."

Ta ce, "To, Baba."

Da ta isa birni, sai ta ga ƙasar ja ce mai tsakuwa, awaki kuma suna yawo sakaka ba mai ɗaure su. 'Yan matan da aka haɗa su ɗaki ɗaya suka ga tukunyar, suka kwashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Ke baƙauya, har da gonarki kika taho?" Wata kuwa ba ta yi dariya ba. Ta dafa kafaɗarta ta ce a hankali, "Ni ma da irinsa na zo. Ya mutu, kuma ga ni, ban rasa komai ba." Wannan maganar ta fi dariyar shiga ranta.

Sai ta ce a zuciyarta, "Ƙasar nan ba ta san lemonmu ba. In na dasa shi, ko awaki su cinye, ko rana ta ƙone shi. Gara in ajiye shi yadda Baba ya ba ni, in mayar da shi gida lafiya." Ta tura tukunyar bayan ƙofa. In baƙi za su shigo, sai ta yafa mata tsohon zane.

Kada ku yi saurin ganin laifinta. Ba ƙin lemon ta yi ba, tsoro ne ya kama ta, ni kuwa na san tsoron nan, ba ƙaramin abu ba ne.

A bakin birnin akwai wani rafi, a gefensa kuma akwai lambu inda baƙi irinta suke dasa itatuwansu cikin shinge ɗaya. Wata dattijuwa ce take kula da shi. Duk lokacin da yarinyar ta wuce, dattijuwar takan ce, "'Yata, shigo mana ki gani." Ita kuwa takan ce, "Sai wani lokaci, Mama, aiki ya yi mini yawa."

Aikin kuwa da gaske ya yi yawa. Wata rana ta manta da ruwa sam, wata rana ta tuna a firgice ta kwarara masa har ya yi yawa. Ganyen ya fara komawa rawaya. Ana nan sai ta ga tukunyar ta tsage a gefe, wata farar saiwa ta leƙo. Maimakon ta gane abin da saiwar take nema, sai ta samo igiya ta ɗaure tukunyar tamau, ta liƙe tsagar da laka. Ganye ya shiga zuba.

Ana cikin haka wani falke daga garinsu ya biyo ta birnin, ya nemi ɗakinta. Bayan sun gaisa ya ce, "Labarin da na kawo ba mai daɗi ba ne. Gara ta cinye gindin lemon gidanku, iskar farkon damina ta kayar da shi. Babanki ya ce in tambaye ki, yaya dashen? Shi kaɗai ya rage."

Ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya, ta ce, "Yana nan lafiya."

Falken ya ce, "In gan shi mana, in kai wa tsoho labari."

Ta ce, "Ba ya kusa."

Ya dube ta, ta sunkuyar da kai. Ya yi sallama ya tafi. Ta janye zanen, ta tarar ganyen da suka rage ba su cika tafin hannu ba.

Ba ta ƙara jira ba. Ta rungumi tukunyar a buɗe, da rana tsaka, ta wuce 'yan ɗakinsu suna kallo, ta ratsa kasuwa ana nuna ta, har bakin rafi. Ta ajiye a gaban dattijuwar ta ce, "Mama, ki taimake ni."

Dattijuwar ta juya tukunyar, ta ga igiya da laka. Ta ce, "Tun yaushe yake cikin nan?"

"Tun daga gida."

"Sai an fasa."

Yarinyar ta janye tukunyar. "Fasawa kuma? Uwata ce ta gina ta. Ki zare shi a hankali, Mama, don Allah."

"Ba zai zaru ba, saiwa ta cika ta. Ko tukunya, ko lemo."

"In an fasa zai rayu?"

"Ban yi miki alkawari ba. Amma in ba a fasa ba, ba zai ga sabon wata ba."

Dattijuwar ta ɗauko dutse ta miƙa mata. Yarinyar ta ce, "Ki fasa mini." Dattijuwar ta ce, "A'a. Ba ni aka ba shi ba."

Yarinyar ta daɗe riƙe da dutsen. Sa'an nan ta rufe ido ta buga, tukunyar ta tarwatse. Abin da suka gani ya tsorata ta. Saiwar ta nannaɗe kanta kamar igiya, tana shaƙe kanta, ƙasar gida kuwa saura 'yar kaɗan. Wasu saiwoyin sun yi baƙi, suna wari. Dattijuwar ta sa wuƙa ta shiga yanke ruɓaɓɓun, yarinyar tana kuka tana cewa, "Mama, za ki ƙarasa shi!" Dattijuwar ba ta kula ta ba. Suka haƙa rami cikin shingen, suka zuba ragowar ƙasar gida a gindi, suka dasa.

Bayan 'yan kwanaki sauran ganyen duk suka zube, ya zama tsinke tsirara. Kowace safiya tana zuwa ta ba shi ruwa, ba wanda ya tashe ta, amma ba ta ga komai ba. 'Yar ɗakinsu mai taushin murya ta ce, "Ai na gaya miki." Wata safiya yarinyar ta zo ranta a ɓace, ta kama tsinken za ta tuge. Dattijuwar ta riƙe hannunta ta ce, "Kafin ki tuge, kankare ɓawon da farce."

Ta kankare. Ƙarƙashinsa kore ne shar, da danshi.

Dattijuwar ta ce, "Yana aiki a ƙasa, inda ba kya gani. Ɗebo ruwa."

Ta ci gaba da zuwa, har ranar da ta ga tsiro ya fito. Shekaru suka wuce, ta gama koyon aikinta, lemon ya yi 'ya'yansa na fari. Ta cika kwando ta nufi gida. Ta tarar da ubanta ya tsufa, yana zaune kusa da kututturen tsohon itacen. Ya ɓare lemo ɗaya ya sa a baki, sai hawaye. Ya tattara ƙwayoyin a tafin hannunsa ya damƙe.

Sa'an nan ta durƙusa a gaban uwarta ta ce, "Mama, na yi miki laifi. Na fasa tukunyarki."

Uwar ta ce, "Yaushe?"

"Sai da ya kusa mutuwa."

Uwar ta riƙe baki ta ce, "Wayyo 'yar nan! Ashe ba ki lura ba? Ai ban gasa ta ta yi ƙarfi ba. Tukunyar dashe da gangan ake yin ta marar kauri, don kada ta yi wuyar fasawa."

To, ga ma'anar misalin, ku da kuka sami gurbin karatu kuna ta ɗaure kaya. Ke Filomina, kai Donatus, daina kallon silin, da ku nake.

Lemon nan bangaskiyarmu ce ta Katolika, wadda aka shuka muku ranar baftisma. Tukunya kuwa ita ce yadda kuka riƙe ta kuna yara: Mama ta tashe ku zuwa Mas, wato sujadarmu ta coci, Baba ya ja addu'ar carbin Rosari ku amsa kuna gyangyaɗi, ni malaminku na addini in yi tambayar katikisma ku rera amsa ba tare da kun san abin da kuke faɗa ba. Tukunya ce mai kyau, da ƙauna aka gina ta. Amma ba za ta ɗauki mutum mai karatun jami'a ba.

Birnin makarantarku ce. Za a yi muku dariya in kun yi alamar gicciye a kan abinci. Za a yi muku tambayoyin da ban koya muku amsarsu ba, a aji da ɗakin kwana. Mai dariya ba ya ba ni tsoro kamar wanda zai ce muku da murmushi, "Ni ma da ina zuwa coci." A lokacin za ku so ku tura bangaskiyarku bayan ƙofa, ku ce sai an yi hutu ku fito da ita. Na ga waɗanda suka yi haka da yawa, kuma raina yana ɓaci in na tuna abin da suka dawo da shi.

Tambayar da ta taso a zuciyarka saiwa ce mai neman ƙasa. Kada ka liƙe ta da laka. Ka kai ta wurin Fada, limamin coci, ka buɗe Littafi Mai Tsarki, ka karanta koyarwar Ikklisiya da irin himmar da kake karanta darasin jarrabawa. Lambun bakin rafi shi ne taron ɗalibai 'yan Katolika da za ku tarar a can. Rafin shi ne Mas. Wuƙar dattijuwa ita ce furta zunubi, tana da zafi, amma ruɓaɓɓe kawai take cirewa. Ku lura kuma, tukunya aka fasa, ba a canja itacen ba. Wanda ya ce ka yar da lemon ka karɓi wani, ba mai lambunmu ba ne.

Akwai lokacin da za ka yi addu'a ka ji kamar da bango kake magana. Kada ka tuge. Ka ci gaba da ɗebo ruwa.

Ku kuma sani, mu da muke tashin ku muna tsufa. Akwai gidajen da a cikinsu ku kaɗai kuka rage.

Lahadin farko da za ku yi a can, ƙararrawa za ta kaɗa, 'yan ɗakinku suna barci, kuma ba wanda zai buga ƙofa ya ce, "Tashi." Dutsen yana hannunka a safiyar nan. Mama ba za ta fasa maka ba, Fada ba zai fasa maka ba, ni ma ina nan gida.