Cokalin Ƙarshe na Sharfuddeen

Akwai wani saurayi, Sharfuddeen, ɗan wani ƙauye kusa da Managil a ƙasar Sudan, yana karatun sinadarai a Wad Madani. Shekara biyu yana haɗa wani farin gari. Kowace ƙwayarsa tana da rassa kamar bishiya, rassan ne ke kama sinadarai su sa su haɗu da sauri. So yake in an gama aiki a tace garin, a sake amfani da shi.

Amma garin ya ƙi. Ya yi aiki sau ɗaya, sau biyu, na uku ya mutu.

Ya zo gida a rame. Gwaggonsa Kulu tana gaban murhu tana gasa kisra, siririyar gurasar dawa, ta ce, "Kai, mi ya cinye ka haka?"

Ya gaya mata a gajarce.

"In ka tace shi, ina kake aje shi?"

"In busar da shi ƙayau, in zuba a kwalba."

"To kai kake kashe shi. Ragowar kullun nan da nake zubawa a na gobe don ya yi tsami, shekara talatin ban bari ta bushe ba. Bar shi da danshinsa, ka rufe."

Ya yi dariya. "Gwaggo, wannan ilimi ne, ba kisra ba."

Ta juya kisrarta.

Ya koma makaranta, wata takwas ya yi yana canza rassa, yana busarwa, garin yana mutuwa. Malaminsa ya ce, "Halas, ya isa haka. Gwaji ɗaya ya rage maka. In ya faɗi, babu takardar shahadar kammala karatu."

Garin saura cokali ɗaya. Dabara ta ƙare masa, jiki ya gaji. Ya yi gwajin, ya tace garin, ya bar shi cikin ruwan sinadarinsa, ya rufe. Washegari garin ya sake yin aiki. Jibi ma haka. Har sau goma sha ɗaya. Ashe bushewa ce take murƙushe rassan.

Ya hau mota ya dawo ƙauye, ya durƙusa bakin murhu.

"Gwaggo, maganarki ce."

Ba ta ɗago ba. "Wata takwas kana kewaye magana ɗaya. Miƙo mini itacen nan, gwiwata ta gaji."

Darasi: Boko ba ya ba yaro izinin raina tsoho. Wanda ya daɗe yana aiki da hannunsa ya san abin da ba a rubuta ba. Ku saurara kafin ku yi dariya. Ku tura wa 'ya'yanku masu karatu, su ma su ji.