Tukunyar da Ke Raka Sufeto

An yi wani mutum, ma'aikacin gwamnati, aikinsa duba ƙananan asibitoci masu zaman kansu. Sufeto ake ce masa. In ya zagaya ya sa hannu, sai a ba asibiti takardar izini a rataya a bango. In ya ƙi, sai a garƙame ƙofa.

Na san kun gyara zama don ku ji cewa cin hanci yake yi. To, ku ajiye wannan zaton. Bai taɓa karɓar komai a hannun kowa ba. Ko lemo aka kawo masa sai ya ce ya ƙoshi. Da ɓarawo ne kaɗai ke halaka, da ni da ku mun kwana lafiya.

Doka ta ce kowane asibiti ya mallaki tukunyar iskar oksijin, wadda ake jona wa wanda numfashinsa ya sarƙe. Doka ce mai kyau. Sai dai waɗanda suka rubuta ta ba su ba Sufeto mota ba. In zai fita aiki, sai ya buga wa mai asibiti waya: "Gobe ina tafe, a turo mini direba." Ya 'yan uwa, wanda ka roƙi motarsa, ta yaya za ka shammace shi?

Masu asibitocin suka haɗa kai suka sayi tukunya guda. Duk wanda Sufeto zai ziyarta, shi ake kai wa. Suka sa mata suna 'Yar Rakiya.

Sufeto ba makaho ba ne. Tukunyar ta lotse a kafaɗa, fentinta ya ɓare a wuya. Ya gan ta a asibitin bakin kasuwa, ya gan ta a na bayan tasha, ya sake ganin ta a na kan kwanar gidansa. Wani lokaci ma mota ɗaya suke shiga, yana gaba, ita tana but ɗin baya. In aka faɗa rami sai ta yi ƙara.

"Direba, mene ne ke gwaruwa a baya?"

"Taya ce, ranka ya daɗe."

"Tayar taku da ƙarfe aka yi ta?"

"Ai kayan zamani sai a hankali, Yallaɓai."

Suka yi dariya su biyu. In an isa, sai a zaunar da shi a ofis ƙarƙashin fanka, a ja gaisuwa, ina iyali, ina gajiya, har a gama shigar da tukunyar ta ƙofar baya. Sannan a ce, bismillah, a zagaya.

Yakan ce wa ransa: doka ta ce in gani, na kuwa gani. In na rufe su, talaka ya je ina? Kuma mai asibitin nan shi ya fara zuwa mini gaisuwa ranar da mahaifina ya rasu, da wane ido zan dube shi? Mukan yabi irin wannan mutum. Mu ce yana da kunya, yana da kara, ba ya tona asirin kowa. Ni dai na tsufa ina jin wannan yabo, na kuma ga kaburburan da ya haƙa.

Matarsa tana fama da asma tun tana budurwa. Wata rana da hantsi tana shanya, ciwon ya taso mata. Aka fesa maganin shaƙa, bai yi ba. Babbar 'yarsu ce a gida. Ta tare mota ta sa uwar. Mai motar ya ce a wuce babban asibiti. Ta ce a'a, da nisa, ga na kan kwana, Babana ne ya duba shi da kansa, sunansa na nan a bango.

Sufeto yana can ƙarshen gari, yana tsaye gaban 'Yar Rakiya da biro a hannu, wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, Umma ce! Numfashinta ya tafi, leɓenta ya yi baƙi. Sun ce ba su da iska!"

"Kuna ina?"

"Na kan kwana. Baba, ba kai ka duba su ba? Ka yi musu magana su fito da ita!"

Ya kalli tukunyar. Ya kalli lotsewar nan ta kafaɗa.

Dattijon da bai taɓa ɗaga murya a wurin aiki ba ya rungumi ƙarfen nan ya ja shi har mota, yana ihu a buɗe ƙofa. Wannan karon shi ya zauna a baya, tana kan cinyarsa. Aka tarar da cunkoso. Ya leƙo ta taga yana roƙon mutane, don Allah, don Annabi, rai ne. Hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Duk hanya yana cewa, Allah ka isar da ni, in na isa na tuba.

Ya isa. Matarsa tana zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta na hawa suna sauka, ƙirjinta na fito. Da ta gan shi da tukunya, idonta ya saki. Ta yarda an tsira.

Nas ta jona roba, ta ɗora mata a hanci, ta murɗa kan tukunyar. Allurar agogon awon iskar ba ta motsa ba. Ta sake murɗawa. Sufeto ya ture ta ya murɗa da kansa har tafinsa ya yage. Ko huci babu.

Mai asibitin yana bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Yallaɓai, ai ba a taɓa cika ta ba. Ta gani ce."

Shekara da shekaru yana tsayawa gabanta. Hannunsa bai taɓa kaiwa kan tukunyar ba, don doka ba ta ce a murɗa ba.

Aka ɗauki matar za a kai babban asibiti. A hanya ta cika, kanta a kan cinyar 'yarta.

Masu gaisuwa suka zo suna cewa kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, ajali na Allah ne. Amma wa ya ce mana imani da ƙaddara mayafi ne da za a lulluɓe sakaci da shi? Wanda ya rubuta ajali shi ne ya ce za a tambayi kowa amanarsa.

Sufeto ya je ofis ya zayyana komai, ya ce a hukunta shi. Aka kafa kwamiti. Kwamiti ya zauna ya ce babu laifi: ranar duba akwai tukunya, jami'i ya bi ƙa'ida. Shugaban kwamitin ya dafa shi ya ce, "Malam, baƙin ciki ne, je ka huta." Ya durƙusa yana kuka yana roƙo a kore shi, a ɗaure shi, a yi masa wani abu. Suka ba shi hutu. Sannan suka fitar da sabuwar doka: kowane asibiti ya mallaki tukunya biyu. Masu asibitocin suka sayo wa 'Yar Rakiya ƙanwa.

'Yarsa ba ta zage shi ba. Abu ɗaya ta tambaye shi: "Baba, ka sani?" Ya ce ya sani. Ta kwashe ƙannenta ta koma da su wurin kakarsu. In sun haɗu tana gaishe shi, amma ba ta ƙara duban fuskarsa ba.

Ya bar aiki. Yanzu yana bin asibitoci a ƙafa, riga a yamutse, yana kutsawa ɗakin marasa lafiya yana murɗa kan duk tukunyar da ya gani, ya kara kunne. Masu gadi sun san shi. Sukan fitar da shi, wasu da lallashi, wasu da sanda.

Ya 'yan uwa, kullum muna cewa a ƙara doka, a ƙara doka. A ƙara, ban hana ba. Amma doka tana iya tilasta maka ka kalla, ba ta iya tilasta maka ka damu. Tsakanin "na gani" da "na tabbatar" akwai ran mutum. Kai malamin da ke ba da maki, ke mai awon magani, kai mai duba birkin mota, wace tukunya ce kuka sani sarai babu komai a cikinta, kuke wucewa kuna murmushi? Kuna zaton baƙo ne zai zauna a bakin gadon nan?

Allah ya kiyaye mu da kunyar da ke kashe mutane. Allah ya sa mu miƙa hannu mu murɗa tun da sauran numfashi. Amin.