Zanen Tasalla a Ganyen Lemo

Dalilin da ya sa kuke ganin farin zane mai lanƙwasa a sabon ganyen lemo, ga shi.

A da can ganye sumul yake. A lokacin akwai wata mai zanen ƙwarya, sunanta Tasalla. Idan ta ɗora wuƙarta mai zafi a bayan ƙwarya, ba ta ɗagawa sai ta gama. Layi ɗaya ne, ya fara siriri, ya yi ta kewayawa yana ƙara faɗi, ya tsaya a baki. Da tsufa ya zo, hannunta ya fara rawa. 'Yarta Hajo ta gwada koyo, amma kafin ta kai rabi ta ɗaga wuƙa sau uku.

"Inna, ai mai saye ba ya gani," in ji Hajo.

"Ni ina gani," in ji Tasalla.

Ta san ranar da ta mutu, zanen zai bi ta kabari.

Wata rana da hantsi tana zaune a gindin lemonta, sai ga wani ɗan ƙwaro dangin asu, bai kai ƙwayar shinkafa ba, fukafukansa kamar azurfa. Ya gaishe ta, ya gaya mata duk 'ya'yan da ya ajiye a kan ganye tsuntsaye sun tsince, saura tsutsa ɗaya.

Tasalla ta dubi ganyen. Ita da ta ƙare rayuwarta a kan fatar ƙwarya ta san ganye ma fata biyu gare shi. Ta ce za ta ɓoye tsutsar a tsakani, amma da sharaɗi.

"In za ta ci, ta ci a layi ɗaya. Kada ta ɗaga baki."

"Inna, in ta ɗaga ina za ta?" in ji asu.

Tasalla ta yi dariya. Ta zaro allura daga kallabinta, ta riƙe hannun dama da na hagu don kada ya yi rawa, ta huda fatar sama, ta tura tsutsar ciki.

Kullum da safe takan leƙa. Layin ya fara kamar zare. Tsutsa na girma, layi na faɗi, ga ɗan baƙin zare a tsakiya kamar ƙunar wuƙa. Da ta kai bakin ganye ta naɗe shi, ta kwanta. Ranar da ta fito da fukafukai, Tasalla ta tsinko ganyen, ta ɗaga shi a rana, ta bi layin da ido tun daga farko, sannan ta miƙa wa Hajo.

"Nemo min inda ta ɗaga."

Hajo ta duba, ta sake dubawa, ba ta samu ba.

Shi ya sa har yau da wuya ku ga wannan asu da ido, amma ku juya sabon ganyen lemo, za ku gane shi da zanen Tasalla.