Alayyahun Cindo da Shaidar Fara

An yi wani sarki a ƙasar Gangaren Maje, sunansa Zubairu, mai son raha da son miyar ganye, har fadawansa sun san duk ranar da aka kai masa akushi babu alayyahu, to shari'ar ranar ba za ta yi wa kowa daɗi ba.

Wata rana Sarkin Kasuwa Gwadabe ya kawo ƙarar wani mai lambu da ake kira Cindo. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, mutumin nan alayyahunsa duk huda-huda ne. Masu saye su ɗaga, su yatsina fuska, su wuce wurin maƙwabtansa masu ganye mai sheƙi. Ya zubar mana da darajar kasuwa. Ina roƙon a karɓe rumfarsa, a ba wani fadamar da yake nomawa."

Cindo, wanda da fadamar nan yake ciyar da mutum tara, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban musa hudar ba. Maƙwabtana sukan feshe lambunsu da maganin ƙwari duk bayan kwana uku, da ƙwari ko babu, har ranar jajibirin kasuwa. Ni kuwa kullum da safe nakan bi kunya-kunya ina duba bayan ganye. In na ga tsutsa kaɗan sai in tsince, in barbaɗa toka, in yayyafa ruwan ganyen darbejiya. Kwaɗi da ƙadangaru ba na korarsu, taya ni aiki suke yi. Sai abin ya fi ƙarfina nake sa magani, a kunyar da ta kamu kaɗai, kuma ba na yankanta sai ta yi mako biyu."

Sarki ya dubi wazirinsa Ilyasu ya ce, "Waziri, ga mas'ala. Ba zan tilasta wa talakawana sayen abin da idonsu ya ƙi ba, ba kuma zan raba mutum da gonarsa babu hujja ba. Kafin la'asar ka samo mini shaidar da ba ta tsoron Gwadabe, ba ta kuma tausayin Cindo."

Waziri ya yi murmushi, ya sa aka kawo ƙwarya biyu, aka cika ɗaya da ganye mai sheƙi, ɗaya da na Cindo. Ya aika jeji aka kamo fara masu rai, aka raba su cikin ƙwaryoyin, aka rufe da faifai a ƙofar fada. Mutanen kasuwa kuwa, da yake ba a barinsu a baya wajen kallo, suka bar hajarsu suka yi dafifi.

Da la'asar aka buɗe ta farko, sai ga fara kwance ƙafafu sama, ba mai motsi. Aka ɗaga faifan ta biyu, sai fara suka tashi fir, ɗaya ta sauka a kan hancin Gwadabe ta zauna abinta. Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

Waziri ya juya ga Iya Tabawa mai sayar da tuwo, wadda ta fi kowa kushe kayan Cindo, ya ce, "Iya, wanne za ki sa a miyar jikokinki?"

Ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo ni Tabawa! Yo abin da fara ta ci ta mutu shi nake ɗura wa 'ya'yan mutane shekara da shekaru? Cindo ɗan albarka, ɗaure mini uku tun ba a wawashe ba!"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, saura abu ɗaya. Na san mutanenmu. Gobe wasu za su fesa magani, su ɗauki ƙaya su huhhuda ganyen. A riƙa duba lambun, kada a tsaya ga huda."

Sarki ya yafa wa Waziri alkyabba, ya bar wa Cindo rumfarsa da fadamarsa, ya kuma naɗa shi Sarkin Lambu, ya riƙa zagaya lambuna yana dubawa yana koyarwa. Cindo ya faɗi ya yi godiya.

Sa'an nan sarki ya ce, "Ku riƙe wannan, ku masu saye da masu shari'a. Da na yi hukunci da abin da idona ya gani yau da safe, da na kori wanda ke tsare lafiyar 'ya'yanku, na ba mai guba gonarsa. Adalci ba ya tabbata sai an bincika yadda aka yi abu kafin a yanke masa hukunci."