Daddawar Tasalla

An ce wai a wani gari na bakin gulbi an yi wani manomi mai suna Nomau, wanda matarsa Tasalla ta yi suna wajen daddawa. Da Allah ya yi mata rasuwa, gidan ya yi masa faɗi. Ran nan sai ya jawo tukunyarta, ya dafa kalwa yadda ya saba ganin tana yi, ya haɗa daddawa, ya rarraba wa maƙwabta. Kowa ya karɓa sai ya ce, "Kai, Nomau, kamar ita ta yi!"

Daga nan ya ƙudura zai sayar da gonar gadonsu, ya sayi kalwa buhu-buhu, ya kama rumfa a kasuwa. Ƙanensa Sanda ya ce bai yarda ba. Magana ta yi tsami, har suka je gaban Sarkin Kasuwa Jatau, dattijon da ya tsufa cikin fatauci.

Jatau ya ga idan ya hana, ya ƙara wa mai makoki ciwo. Idan ya bari, gona ta tafi. Sai ya ce, "Nomau, wa ya taɓa sayen daddawar nan?"

"Ranka ya daɗe, duk unguwa sun yaba."

"Ban tambaye ka wa ya yaba ba. Ga hukuncina: ka kai ta kasuwar da ba a san ka ba. Kada ka ba kowa kyauta, kada ka ambaci marigayiya. Ka koma kasuwa ta gaba ka ga ko wanda ya saya zai dawo. In sun dawo, ni da kaina zan nemo wa gonar mai saye."

Nomau ya haye gulbi da ƙwaryarsa, cike da murna. Ya kasa kaya ya zauna. Mata suka riƙa ɗauka suna shinshinawa suna ajiyewa; kaɗan ne suka saya. Da kasuwa ta zagayo, babu wadda ta dawo sai wata tsohuwa, ita ma ƙorafi ta kawo.

"Malam," in ji ta, "daddawarka ta ɓata mini miya. Kalwar ba ta nuna ba. Ka ce wa matarka ta ƙara haƙuri da wuta."

Nomau kuwa ya tuna ba shi da matar da zai gaya wa. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin ƙwaryar. A nan ya gane maƙwabta ba daddawa suke yabo ba, ta'aziyya suke yi masa.

Ya dawo ya durƙusa gaban Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe ka sani."

Dattijon ya ce, "Na yi zato, amma da na faɗa da bakina, da ka ce ban san zafin rashi ba. Kai ba ciniki kake nema ba, ɗana. So kake gidanka ya riƙa ƙamshi kamar tana ciki. Wannan kuwa ko gona goma ka sayar, ba za ka same shi ba."

Gona ta tsira. Da damina ta faɗi, Nomau ya fita noma tare da Sanda, bai cika magana ba, amma yana fita.

Shi ya sa duk mai niyyar kafa sana'a, kada ya auna ta da bakin masu ƙaunarsa, domin su zuciyarsa suke lallashi. Baƙon da bai san hawayenka ba, shi ne zai gaya maka gaskiyar hajarka.