Iya Biranya Ta Ari Haƙori

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu na nan.

Wata shekara aka yi fari, ba abin da ya rage a dawa sai ƙwallayen gawasa masu taurin tsiya. A dokar birai kuwa, abin da haƙori bai fasa ba, ba abinci ba ne. Ga Iya Biranya, tsufa ya zubar mata da haƙora kaf.

Bika, shugabansu mai girman kai, ya ce, "Iya, gobe za mu yi ƙaura. Ba mai goya marar haƙori."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe, bari in ari haƙori."

Ta ɗora ƙwallo kan fa, ta ɗauki dutse ta ƙwala. Ta sami yatsanta. Ta tsotse, ta sake. Ƙwallo ya dare, ga ƙwaya fara tas.

Bika ya ce, "Ba al'adarmu ba ce." Ya gartsa wa ƙwallo cizo, fiƙarsa ta ɓalle.

Kafin la'asar dawa ta ɗauki ƙwas-ƙwas, kowace uwa na koya wa ɗanta riƙon dutse. Aka fasa ƙaura.

Bika ya matso, hannu a kunci. "Iya, ta ina ake riƙewa?"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, dutsen Iya na hannun jikoki.